ABIN DA IDO BA YA GANI CIKIN RIJIYOYIN RIGASA



 Maganar da za mu yi yau ta shafi wata 'yar na'ura wadda tsawonta bai wuce na alƙalami ba, wadda ake tsoma bakinta a ruwa ta faɗi yawan wasu gishirika da suka narke a ciki. Mun zaɓi mu ɗora bayanin a kan Rigasa, domin a nan ne amfanin abin zai fi fitowa fili.

RUWAN DA RIGASA KE SHA

Rigasa tana yamma da tsakiyar birnin Kaduna, arewa da kogi, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Kowa ya san irin cikar da ta yi, kuma tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa na Abuja a watan Yuli na 2016, gine-gine suka ƙara bazuwa ta wajen Hayin Ɗan Mani da Nariya da bayansu. Mutane sun riga famfo isa waɗannan wurare. Saboda haka yawancin gidaje sun dogara ne ga rijiyar tsakar gida, ko burtsatsen maƙwabci, ko jarkokin 'yan ga-ruwa.

To, mu dubi fili ɗaya na gida. Fuloti cikakke ƙafa 50 ne a ƙafa 100, wato kimanin mita 15 a mita 30, kuma da yawa an raba shi biyu. Masana tsabtar muhalli kuwa suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Ko da maigida ya kai masansa ƙarshen fili, ya haƙa rijiya a ɗaya ƙarshen, masan maƙwabcinsa yana nan jikin katanga. Ƙasar Kaduna kuma jar ƙasa ce da marmara a kan tsohon dutse, ruwan rijiyoyi yana kwance ne a wannan ruɓaɓɓen sashe na sama, kuma da damina ta kankama yakan taso kusa ƙwarai. Abin da ya tsiyaye daga masai da kwata da bola, can yake tafiya.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan gaskiya ne a wajen hatsi. A wajen ruwa kuwa ido yakan ga laka da gansakuka kaɗai. Ruwa yana iya zama garau, ba wari ba ɗaci, alhali yana ɗauke da abin da zai lanƙwasa ƙafar yaro.

MECE CE ƘWAYA MAI CAJIN RAGI?

In aka zuba gishiri a ruwa, sai mu ce ya narke. Abin da ya faru shi ne kowace ƙwayarsa ta rabe biyu. Kashi ɗaya, wato sodiyam, tun kafin a zuba shi a ruwa ya riga ya ba da ilaktaron guda, ya zama mai cajin ƙari. Ɗaya kashin, wato kulorayid, shi ya riga ya karɓi ilaktaron ɗin, ya zama mai cajin ragi. Irin waɗannan ƙwayoyi masu caji su ake kira ayon, sunan da Michael Faraday na Ingila ya fito da shi a 1834 daga kalmar Girkanci mai nufin matafiyi, domin ya lura suna tafiya cikin ruwa in an saka masa lantarki. Masu cajin ragi ya kira su anayon.

Anayon da suka dame mu a ruwan sha su ne fulorayid, da naitiret, da ƙanensa naitirayit, da kulorayid, da salfet. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007, ta ce kada fulorayid ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya, kada naitiret ya wuce miligiram 50, kada kulorayid ya wuce miligiram 250. Na farko da na biyu sun dace da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Domin a gane ƙanƙantar abin, miligiram 1.5 a lita daidai yake da giram ɗaya da rabi cikin tankin lita 1,000. Ba harshen da zai ji wannan.

DARASI DAGA TSIBIRI

Fulorayid daga dutse yake fitowa. In kaɗan ne yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake saka shi a man goge baki. In ya yi yawa sai haƙoran yara su fito da ɗigo-ɗigon fari, daga baya su rine su koma ruwan ƙasa, kamar yadda aka sani a Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe. In ya ƙara yawa sai ya shiga ƙashi.

A Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an fara shan ruwan wata rijiya mai zurfi a 1985. Ruwa ne garau, mutane suka yi murna da samunsa. Shekaru suna tafiya sai aka riƙa ganin yara da rinannun haƙora, wasu da gwame, wasu da ƙafar baka, wasu ba su iya miƙewa. Sai wajen shekara ta 2000 aka tabbatar cewa fulorayid na wannan ruwa ya ninka iyaka sau uku ko fiye. Yara dubbai abin ya taɓa, ɗaruruwa daga cikinsu suka nakasa. Awon da zai tona wannan asiri ba ya cin minti goma, kuma an ƙago na'urarsa shekara 19 kafin a fara shan ruwan.

Naitiret kuwa daga wajenmu yake fitowa. Fitsari da bayan gida da kashin dabbobi da takin zamani irin su yuriya, duk ƙananan halittun cikin ƙasa sukan juya su su zama naitiret, shi kuma ba ya maƙalewa a ƙasa, ruwa yake bi. Haɗarinsa ya fi tsanani ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida. A cikinsu yakan juye ya zama naitirayit, ya ɓata sinadarin jini mai ɗaukar iska, sai jariri ya riƙa haki, jikinsa ya yi shuɗi. Wani likita a Amurka, Hunter Comly, shi ya bayyana wannan a 1945 bayan ya ga jariran da aka haɗa wa madara da ruwan rijiya a jihar Iowa. A fatarmu shuɗin ba ya bayyana sosai sai a leɓe da harshe da farce, don haka abu ne mai sauƙi a ɗauka wani ciwo ne dabam. Daɗin daɗawa, tafasa ruwa ba ta kore naitiret. Tururi ne ke tashi, gishirin ya tsaya, har ma ya ƙara kauri.

Kulorayid shi kansa ba guba ba ne a wannan ƙima. Amfaninsa a wajenmu na shaida ne. In an ga shi da naitiret sun hau tare a rijiyar da ke cikin unguwa, alama ce mai ƙarfi cewa masai ko kwata na tsiyaya cikinta.

YADDA SANDAR AWO KE AIKI

Tushen aikin wata ƙa'ida ce da Walther Nernst na Jamus ya fitar a 1889. In aka raba ruwa biyu da wani shamaki wanda ayon iri ɗaya tak ke iya ratsawa, kuma yawan wannan ayon ya bambanta a ɓangarorin biyu, to, za a sami ɗan bambancin ƙarfin lantarki a tsakaninsu, kuma girman bambancin yana bin yawan ayon ɗin. A zafin digiri 25, duk lokacin da ayon mai caji ɗaya ya ninku sau goma, ƙarfin lantarkin yakan gusa da kimanin milibolt 59. Milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt, batirin tocila kuwa bolt ɗaya da rabi ne.

Ashe dai gwanintar duka tana wajen samun shamaki mai zaɓe. Na farko da aka samu gilashi ne, wanda Fritz Haber da abokin aikinsa suka yi amfani da shi a 1909 wajen auna tsamin ruwa. Na fulorayid ya zo a 1966, daga hannun Martin Frant da James Ross na kamfanin Orion a Amurka. Sun yi shi da ƙanƙarar wani gishiri mai suna lantanam fulorayid, suka gauraya masa ɗan yuropiyam. Lantanam yana riƙe fulorayid uku, yuropiyam yana riƙe biyu, saboda haka duk inda yuropiyam ya zauna sai a sami gurbi ɗaya babu kowa. Ku tuna da sahun salla in an bar giɓi: na kusa ya matsa ya cike, na kusa da shi ya matsa, giɓin ya yi ta tafiya har ƙarshen sahu. Haka fulorayid ke ratsa wannan ƙanƙara daga gurbi zuwa gurbi. Gurbin kuwa daidai jikinsa ne, kulorayid ya fi ƙarfinsa, naitiret da salfet ba a maganarsu.

Ana manna wannan ƙanƙara a bakin bututu, a cika cikin bututun da ruwa mai fulorayid da aka san yawansa, a tsoma wayar azurfa a ciki. Sai a haɗa shi da sanda ta biyu wadda ƙarfin lantarkinta ba ya canzawa, domin ba a auna tsawon mutum sai an san inda ƙasa take. Mita tana karanta bambancin da ke tsakanin sandunan biyu.

Ga misali na lissafi. A ce mun tsoma sanda a ruwan da muka haɗa da kanmu mai miligiram 1 a lita, mita ta nuna milibolt 100. Muka tsoma ta a mai miligiram 10, ta nuna 41. Bambancin 59 ne, wato sanda tana da lafiya, kuma mun ga lambar tana sauka in fulorayid ya ƙaru, domin cajinsa na ragi ne. Yanzu muka tsoma ta a ruwan rijiya, ta nuna 82. Saukar milibolt 18 daidai take da ninki biyu, wato ruwan yana da miligiram 2 a lita, ya haye iyaka. A wannan saiti, duk abin da ya sauka ƙasa da 90 ya haye.

ME YA SA ANAYON KE DA WUYAR KAMU?

Masana sun daɗe da sanin cewa kama anayon ya fi kama masu cajin ƙari wuya, saboda dalilai huɗu. Na farko, yawancinsu manya ne, cajinsu ya bazu a jiki mai faɗi, don haka jansu ba shi da ƙarfi. Na biyu, surarsu iri-iri ce: kulorayid dunƙulalle ne kamar ƙwallo, naitiret shimfiɗaɗɗe ne mai kusurwa uku, salfet da fosfet masu ƙafa huɗu ne. Kowanne sai an yi masa tarko daidai siffarsa. Na uku, ruwa yana rungume su ƙam-ƙam, musamman fulorayid da salfet, kafin shamaki ya karɓe su sai ya raba su da wannan riga. Na huɗu, wasunsu sukan sake kama in tsamin ruwa ya canza.

Tun a 1888 Franz Hofmeister ya jera gishirika bisa ga halinsu cikin ruwa, kuma wannan jeri har yau shi ke mulkin sandunan da ake yi da roba. Sandar naitiret irin wannan ce: fatar roba ce da aka jiƙa da wani mai mai cajin ƙari, dabarar da aka kyautata a Cardiff a 1970. Fatar tana fifita anayon da ya fi saurin rabuwa da ruwa. Naitiret yana cikin masu saurin, shi ya sa take aiki, amma in kulorayid ya yi yawa ƙwarai shi ma yakan kutsa, mita ta ƙara wa naitiret abin da ba nasa ba. Ga shi kuwa rijiyar da masai ya ɓata ita ce mai kulorayid da yawa. Mai awo dole ya san da wannan, ya zuba maganin da ke kwantar da kulorayid kafin ya karanta.

Ana ci gaba da neman tarkuna masu zaɓe. A 1968 Park da Simmons na kamfanin DuPont suka haɗa wani sinadari mai kama da keji wanda ke rufe kulorayid a cikinsa. A 1989 Paul Beer na Ingila ya haɗa tarko mai ƙarfen kobalt, wanda in ya kama anayon sai halinsa na lantarki ya canza, a gani a mita. Yanzu har ana buga sandunan awo a kan 'yar roba ko takarda, a yi aiki da su sau ɗaya a yar, wasu kuma a haɗa su da wayar hannu.

SHARUƊƊAN AWO NA GASKIYA

Na'ura ba ta yi wa malalaci aiki. Kuskuren milibolt ɗaya kacal yana jawo kuskuren kashi 4 cikin ɗari a sakamako. Zafi yana canza lissafi: a digiri 35, irin na watan Maris da Afrilu, gusawar takan zama milibolt 61, don haka ruwan saiti da ruwan rijiya dole zafinsu ya zama ɗaya. Sandar fulorayid tana da kishiya guda, wato haidiroksayid, wanda girmansa da cajinsa suka yi kama da na fulorayid, kuma yakan yawaita a ruwa mai kanwa-kanwa. In kuma ruwan yana da alminiyam ko baƙin ƙarfe, sukan ƙulle fulorayid, sanda ta kasa ganinsa. Maganin duka wani haɗi ne da Frant da Ross suka tsara a 1968, wanda ake zubawa cikin kowane ruwa kafin awo. Sa'an nan a yi saiti kowace rana, a wanke sanda da tataccen ruwa, a kare ta daga ƙurar hunturu. Sandar fulorayid takan yi shekaru in an kula da ita, fatar ta naitiret kuwa watanni take yi a canza.

Haka nan a sani, sandar nan ba ta ganin ƙwayoyin cuta. Kwalarar da ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan a 2021, ta kashe fiye da 3,000, gwajinta dabam ne. Ba ta kuma maye gurbin babban ɗakin bincike. Aikinta shi ne ta zagaya rijiyoyi ɗari cikin sauri da araha, ta ware goman da ya kamata a kai ruwansu can.

AMSA GA MASU TANTAMA

Wani dattijo zai ce kakanninmu sun sha rijiya ba awo, sun kuma yi tsawon rai. Muna amsawa cikin ladabi cewa rijiyarsu tana bakin gari ko a fadama, gidaje suna warwatse, ba takin buhu, ba kuma injin da ke huda dutse ya kai ga ruwan da ya daɗe yana jiƙa shi. Ruwan da muke sha yau ba shi suka sha ba.

Mai sayar da ruwa kuma zai ji tsoron kada awo ya kashe masa kasuwa. Wannan tsoro yana da dalili, domin da burtsatsen yake ci da iyalinsa. Amma rijiyar da aka auna aka same ta lafiya ta sami shaidar da za ta jawo mata masu saye. Wadda aka samu da aibi ma ba lalle a rufe ta ba. Ruwa mai naitiret yana wanki da wanka da gini, jarirai da masu juna biyu kaɗai za a nema wa wani. Ruwa mai fulorayid ana rage shi da gawayin ƙashi, ga kuwa ƙashin shanu a mahautanmu, ko da alif da farar ƙasa kamar yadda ake yi a Indiya, ko a gauraya shi da ruwan sama mai tsabta. Uwar da ta shayar da jaririnta nono zalla har wata shida ta riga ta kare shi daga naitiret.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na ɗaya, muna roƙon ƙungiyarmu ta nemi sashen kimiyyar sinadarai ya horar da ɗalibai 'yan sa kai, a ba su sandar fulorayid da ta naitiret da ta kulorayid, su shiga Rigasa lokacin hutu. A fara da rijiyoyin da jama'a da yawa ke sha: na masallatai, da makarantun allo da na Islamiyya, da asibitocin haihuwa, da wuraren da 'yan ga-ruwa ke ɗiba.

Na biyu, a auna kowace rijiya sau biyu a shekara, a ƙarshen rani da tsakiyar damina, a rubuta a littafi ɗaya tare da zurfinta da nisanta daga masai. Awo ɗaya labarin rana ɗaya yake bayarwa.

Na uku, kada a shiga gidan kowa sai ta hannun mai unguwa da liman, kuma ɗalibai mata su shiga wajen matan gida, tun da su ne ke ɗiban ruwa, su ke ba yara. A faɗa wa mai rijiya sakamako da Hausa, a asirce, tare da abin da zai yi. Wanda aka kunyata a bainar jama'a ba zai sake buɗe ƙofa ba.

Na huɗu, duk ruwan da aka yi shakkarsa a kai shi inda za a tabbatar. Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana Tudun Wada, ga Jami'ar Jihar Kaduna, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ilmin yana kusa da unguwar, hanya ce kawai ba a share ba.

Na biyar, muna kira ga hukuma ta tabbatar cewa duk wanda ya haƙa burtsatse don jama'a ya auna ruwan kafin ya miƙa shi, ya manna takardar a jikin tanki. Kuɗin awon ɗan kaɗan ne in an gwada da kuɗin haƙa.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa cikinmu da ruwan irin waɗannan rijiyoyi aka raine mu, kuma ƙannenmu shi suke sha yanzu. An koya mana ƙa'idar Nernst domin jarrabawa, mun kuwa ci. Saura mu kai ta bakin rijiya, domin rigakafi ya fi magani, ƙashin da ya riga ya lanƙwashe kuwa ba ya komawa yadda yake.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kare mana zuriya.